"Ai ta tsufa" ba hujja ba ce: iyayenmu mata na Zongo da kansar gidan ƙwai

A Zongo, idan aka ce wata dattijuwa ta kamu da ciwon daji, kafin likita ya gama bayani an riga an yanke hukunci a tsakar gida. Wani ɗa zai ce: "Ai Hajiya ta tsufa, kada a wahalar da ita, a mayar da ita ɗaki a yi ta addu'a." Wani kuma, galibi wanda ke turo kuɗi daga waje, zai buga waya ya ce: "Ko nawa ne, a yi mata duk abin da ake yi." Dukansu ƙauna ce ta sa su magana, babu mai musun wannan. Sai dai a cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya kamata a fara tambaya: yaya ƙarfin jikinta yake a yau, wane magani za ta iya ɗauka, kuma ita me take so?

Ra'ayina a nan shi ne, dattijuwar da ke fama da kansar gidan ƙwai tana da haƙƙin a auna ta tun daga kai har ƙafa kafin a ce a yi magani ko a bari, kuma rabin wannan awo a hannunmu yake, mu 'ya'ya da jikoki, domin mu ne muka san abin da take ci da yadda take tashi daga tabarma. Shekaru kaɗai ba sa gaya wa likita komai.

Ciwon da ke shigowa da sunan kumburin ciki

Bari mu fara da sanin ciwon. Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa. Kansar da ke tasowa a nan ita ce za ku ga an rubuta a takardar asibiti da Faransanci "cancer de l'ovaire". Daban take da kansar bakin mahaifa. Gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata ba ya gano ta, allurar HPV da ake yi wa 'yan mata ba ta kare mutum daga gare ta, kuma hayaniyar Octobre Rose da muke ji duk shekara a Lome galibi kan kansar mama take. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 320,000 ne suka kamu da ita a duniya, sama da 200,000 kuma suka rasu. Ta fi kama matan da suka daina ganin al'ada.

Abin da ya sa take da haɗari shi ne alamunta na kowa da kowa ne. Ciki ya kumbura ya ƙi sacewa. Mace ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi. Mara tana ciwo. Fitsari yana yawan matsa ta. To wace tsohuwa ce a Zongo ba ta taɓa kuka da ɗaya daga cikin waɗannan ba? Sai a ce basir ne, ko iska, ko olsa, a jiƙa kanwa, a sayo ƙwaya a bakin hanya. Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ita ce, macen da ta wuce shekara 50, idan irin waɗannan alamu suna dawo mata fiye da sau 12 a wata, a yi mata gwajin jini mai suna CA 125, idan ya hau a yi hoton ciki, wato ekografi. Shi ma gwajin jinin ba shi ne hukuncin ƙarshe ba, domin tarin fuka da ya shiga ciki, da ciwon hanta, da ƙarin mahaifa duk suna iya ɗaga shi. Sai an ɗebi tsokar an duba ta a lab ake tabbatarwa.

Kuma babu wani gwajin da ake yi wa duk mata masu lafiya don kama ta da wuri. An gwada haka a Birtaniya kan mata sama da 200,000, aka bi su shekaru, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai rage mace-mace ba. Shi ya sa ko a ƙasashen masu kuɗi akasarin mata sai ciwon ya bazu a ciki ake gano shi. Saboda haka iyalin da aka gaya wa cewa abin ya yi nisa kada su zauna suna zargin juna. Aikin da ke gabansu shi ne abin da za a yi daga yau.

Maganin kansa iri biyu ne: tiyata, a cire abin da za a iya cirewa, da kuma shimiyo, wato maganin da ake ɗura wa ta jijiya. Wanda aka fi amfani da shi haɗin magani biyu ne, carboplatine da paclitaxel, duk bayan mako uku, galibi har sau shida. Idan mace ba ta da ƙarfin shiga tiyata tun farko, ana iya fara mata shimiyo sau uku, ƙarin ya ragu, ruwan ciki ya ja baya, sannan a yi aiki, a ƙarasa sauran. Duka magungunan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Gashi da na'ura, wanda a da yake sa mutanenmu tafiya Korle Bu a Accra, ba shi ne babban maganin wannan ciwo ba. Don haka kada wani ya sayar da fili a kan cewa dole sai an ƙetare iyaka, kafin ya ji abin da likitocin mata da na kansa a nan Lome, a CHU Sylvanus Olympio ko wani wurin da aka tura shi, za su ce.

Shekarun da ke kan kati

Yanzu mu zo kan shekaru. Da yawa daga cikin iyayenmu ba a yi musu takardar haihuwa ranar da aka haife su ba. Daga baya aka je kotu aka yi ta, aka rubuta shekarar da aka ga dama, shi ya sa za ka ga rabin tsofaffin unguwa ranar haihuwarsu ɗaya a kati. Idan kana son ka san shekarun dattijuwa a Agoè-Zongo, ka tambaye ta inda take lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977, aka kwashe mutane zuwa bayan gari, kimanin kilomita 15 a kan hanyar arewa. Wadda take amarya a lokacin, yau tana dab da saba'in ko ta haura. Wannan ƙarni na mata, waɗanda suka sake kafa gida da sana'a daga tushe, su ne yanzu suke cikin shekarun da wannan ciwo ya fi kamawa.

Ku duba su da kyau. A cikinsu akwai wadda har yau take hawa zemijan ta je Grand Marché saro kaya, ta dawo ta yi lissafinta da ka ba tare da kuskuren dala ɗaya ba. Akwai kuma sa'arta da ba ta iya ɗaga buta, sukari da hawan jini sun cinye ta. A kati shekarunsu ɗaya. Idan aka hana ta farko magani saboda "ta tsufa", an zalunce ta. Idan aka ɗura wa ta biyu cikakken magani ba tare da gyara ba, ana iya kwantar da ita kwanciyar da ba za ta tashi ba.

Wannan ba zancen baki ba ne, an gwada shi. Shekaru da yawa likitoci suna tausaya wa tsofaffi masu rauni, sai su ba su magani ɗaya, carboplatine kaɗai, maimakon biyun. Wasu likitocin Faransa suka jagoranci bincike mai suna EWOC-1 kan mata 120 masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda awo ya nuna suna da rauni, aka raba su kashi uku. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa, domin waɗanda aka ba magani ɗayan sun fi saurin rasuwa. An buga sakamakon a 2021. Wato sassaucin da aka yi don tausayi shi ne ya gajarta musu kwana.

A ɗaya gefen kuma, a wannan shekarar ta 2021, wani bincike a Amurka mai suna GAP70+ ya bi marasa lafiya 718 masu shekara 70 zuwa sama, masu kansa iri-iri da ta yi nisa. Inda aka auna tsohon sosai aka miƙa wa likitansa sakamakon da shawarwari, kashi 51 cikin 100 ne suka sha mummunar wahalar magani. Inda ba a yi haka ba, kashi 71 ne. Waɗanda aka auna sun fi ƙarancin faɗuwa, an rage musu tarin ƙwayoyin da ba su da amfani, kuma kwanansu bai ragu ba. Kun ga ke nan, hanya tana tsakiya, kuma awo ne ke nuna ta.

Me ake aunawa?

Wani zai ce, to ai wannan a Faransa da Amurka ne, mu a nan likitocin kansa ƙalilan ne, layi ya yi tsawo, wa ke da lokacin wannan? Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce awon farko ba ya bukatar na'ura ko sefa ɗaya. Akwai wata takarda mai tambayoyi takwas da ake kira G8, wadda aka tsara a Faransa, da Faransanci ma take, nas na iya cike ta cikin 'yan mintuna. Tana tambayar ko cin abinci ya ragu a wata uku da suka wuce, ko an rame, yadda mutum yake motsi, halin ƙwaƙwalwa da damuwa, nauyi a kan tsawo, ko yana shan magani fiye da iri uku a rana, yadda yake ganin lafiyarsa idan ya kwatanta da sa'o'insa, sai kuma shekaru. Maki 17 ne gaba ɗaya, kuma shekaru maki 2 kacal suka ɗauka. Wanda ya samu 14 ko ƙasa da haka, shi ne ake zaunar da shi a yi masa bincike mai zurfi.

Matsalar ita ce, idan likita ya tambayi Hajiya "Kina cin abinci?", amsarta ɗaya ce: "Alhamdu lillahi." Idan ya ce "Kina iya tafiya?", za ta ce "Da sauƙi." Haka aka tarbiyyantar da ita, ba ta kai ƙarar jikinta wurin baƙo, balle namiji sa'ar ɗanta. Ga kuma harshe. Minar da take ciniki da ita a kasuwa ba lallai ta ishe ta bayanin abin da ke damunta a mara ba, Faransanci kuwa sai a hankali. A nan ne aikinmu yake. Wanda zai raka ta ya je da amsoshi na gaskiya, irin waɗanda mu muka san ma'anarsu.

Game da ƙarfi: har yanzu tana sallah a tsaye, ko ta koma zaune? Tun yaushe? Idan ta yi sujada tana tashi da kanta? Tana iya tsugunawa a bayi ta miƙe ba tare da an kama ta ba? Tana wanka da kanta? Ta faɗi a wata shida da suka wuce? Waɗannan su ne ainihin abin da likitocin tsofaffi ke nema, da wasu kalmomi.

Game da abinci: a yi hattara da sikeli. Wannan ciwo yana tara ruwa a ciki, lita da yawa wani lokaci, sai nauyi ya tsaya cak ko ma ya ƙaru alhali naman jiki yana zubewa. A duba damtse, a duba gefen goshi da ƙashin wuya. Idan awarwaron da a da yake kama hannu yanzu yana zamewa har gwiwar hannu, a gaya wa likita. Rama tana daga cikin manyan abubuwan da ke sa tiyata da shimiyo su yi wa mutum nauyi, kuma ana iya fara gyara ta tun kafin ranar aiki.

Game da magunguna: a kwashe duk abin da take sha a zuba a leda ɗaya a kai, na asibiti da na farmasi da na mai tallan tire, har da jiƙe-jiƙe da garin da aka aiko daga Kano ko Makka. Ba don a ci mutuncin kowa ba. Dalilin shi ne, carboplatine ta ƙoda yake fita, kuma da ƙarfin ƙoda ake lissafa adadin da za a ɗura. Ƙwayoyin ciwon gwiwa irin su diclofénac da ibuprofène, waɗanda tsofaffinmu ke sha kamar gyaɗa, suna raunana ƙoda. Shi kuma paclitaxel yana taɓa jijiyoyin tafin hannu da ƙafa, ya sa su yi dindiris, kuma mai ciwon sukari ta riga ta fara wannan matsalar. Maganin da ake bayarwa tare da shimiyo don hana amai da ƙaiƙayi ma yana ɗaga sukari na 'yan kwanaki. Likitan da ya san duk wannan zai daidaita hannunsa.

Game da ƙwaƙwalwa da zuciya: ta fara mantuwar da ba ta saba ba? Tana rikita kuɗi? Ta daina hira, ta daina kula jikoki, tana kuka ita kaɗai? Damuwa ba raunin imani ba ce, kuma likitocin da suka yi aiki kan tsofaffi masu wannan ciwo sun sa ta cikin ma'aunin rauni, tare da iya kula da kai da wasu gwaje-gwajen jini.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta gida: wa zai kwana da ita? Wa zai dafa? Idan zazzaɓi ya taso ƙarfe biyun dare, da wace mota za a fita daga Zongo zuwa asibiti, kuma lambar wa za a kira?

Wata biyar na shimiyo, aikin gida ne

Zagaye shida duk bayan mako uku, kusan wata huɗu zuwa biyar ke nan, ban da tiyata. A cikin wannan lokaci kwanakin da za ta yi a hannun likita kaɗan ne, sauran duk a hannunmu. Ga abin da nake ganin kowane gida ya kamata ya tsara.

A samu mutum ɗaya tsayayye mai rakiya, mace ta fi, mai jin Faransanci, da littafi ɗaya da za a riƙa rubuta komai: ranar magani, sakamakon jini, abin da likita ya ce, abin da ya faru a gida. Yau wannan ya raka ta, jibi wancan, kowa ya dawo da nasa labarin, haka ake ɓatar da zagaye.

A sayi ma'aunin zafin jiki. Shimiyo yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, musamman daga mako ɗaya zuwa biyu bayan ɗurawa. A wannan tsakanin, zafin jiki da ya kai 38 maganar asibiti ce a daren nan. Mun saba duk zazzaɓi mu ce na sauro ne, mu ba da paracétamol mu jira safiya. Ga mai shan shimiyo wannan jira yana iya zama ajali, ko da gwaji zai nuna na sauron ne daga baya. Haka nan idan tana amai ba ƙaƙƙautawa, bayan gida da tusa sun tsaya, ciki ya ɗaure, kada a ba ta maganin wankin ciki, a tafi asibiti, hanji ne mai yiwuwa ya toshe. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, shi ma haka.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana, domin cikin ba shi da wuri. Koko tsura ba ya gina jiki. A sa masa madara ko gyaɗa, a haɗa da ƙosai ko ƙwai. Kifi, wake, wagashi da aka dafa sosai, miyar zogale ko ta ayoyo, duk muna da su a unguwa. Masu cewa a hana ta nama da ƙwai "don kada a ciyar da ciwon", yunwa kawai suke ƙara mata. Ta sha ruwa mai tsabta sosai, saboda ƙoda. Kuma kada a kwantar da ita wuni guda da sunan hutu. Ta zagaya tsakar gida safe da yamma, ko da an riƙe mata hannu. Tsoho idan ya kwanta mako guda, ƙarfin da ya zube yana daɗewa bai dawo ba.

Bayan tiyata wasu tsofaffi suna ruɗewa na 'yan kwanaki, su kasa gane wuri, su yi ta surutai. Ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba. A sanar da nas nan take, domin wani lokaci alamar cuta ce ko ƙarancin ruwa, a bar fuskar da ta sani kusa da ita, a ba ta tabaraunta.

Maganar azumi tana zuwa duk shekara. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin ba ta sha azumi ba, ba za ta ji maganar jikarta ba. Addini ya ba marar lafiya rangwame, kowa ya san wannan, amma daga bakin malamin da take girmamawa za ta karɓa. A kawo shi ya gaya mata, ya kuma yi mata bayanin ramuwa ko ciyarwa, da sallah a zaune, da taimama idan ɗinki bai warke ba.

Sai gaisuwa. Mu mutanen zumunci ne, ɗaki yakan cika da masu dubiya har a rasa wurin taka ƙafa. A lokacin da jininta ya yi ƙasa, mai tari da mura ya gaishe ta daga ƙofa ko ta waya, masu shiga su wanke hannu, a kuma taƙaita zama. Wanda yake son lada, ga hanya: ya kawo kwanon abinci, ya biya kuɗin mota na zagaye ɗaya, ko ya karɓi mai jinya na wuni guda. Domin mai jinyar nan, 'ya ce ko suruka, ita ma tana da teburin sana'ar da ta rufe da yaran da ta bari, kuma idan ta faɗi, jinyar ta faɗi.

Kuɗi, da gaskiyar da ake ɓoye mata

Kada mu yaudari juna, maganin nan yana da tsada ga gidan da ke rayuwa a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 52,500 a wata. Inshorar lafiya ta kowa da kowa, AMU, ta fara aiki a watan Janairun 2024 ta hannun INAM da CNSS, amma da masu albashi da 'yan fansho aka fara, iyayenmu kuwa akasari 'yan kasuwa ne da ba su taɓa karɓar albashi ba. A je a tambaya ko tana da hanyar shiga, a kuma nemi ofishin taimakon jama'a na asibitin. Abin da ya fi muhimmanci, a roƙi likita ya faɗi kiyasin kuɗin tafiyar gaba ɗaya tun ranar farko: tiyata, zagaye shida, gwajin jini kafin kowane zagaye, hoto, jini idan an bukata. Sai a raba nauyin a kan watanni, kowa ya san ranar da zai turo nasa. Abin da ya fi ciwo shi ne a kashe komai a zagaye biyun farko da hidimar baƙi, a zo na uku a tsaya. An sha wahalar, ba a samu amfanin ba.

Sannan ita kanta Hajiya. Al'adarmu ce mu ce wa likita, "Kada ka gaya mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Na fahimci tsoron. Amma matar da aka kai ta ɗakin da kowa gashinsa ya zube, aka ɗura mata ruwan da ya zubar da nata, kuna tsammanin ba ta gane ba? Ta gane, tana yin shiru ne don ta rufa mana asiri, sai ta ɗauki nauyin ita kaɗai. Hanyar da ta fi ita ce a tambaye ta nawa take son ta sani, da wanda take son ya yi magana a madadinta. Wata za ta ce a gaya wa babban ɗanta ya isa, wannan zaɓinta ne. Wata kuwa tana da bashin da za ta biya, da kuɗin adashin mutane a hannunta, da wasiyyar da take son ta bari, da 'yar da take son ta ga aurenta. A ba ta kuma 'yan mintuna ita da likita ko nas mace ba tare da 'ya'ya maza a ɗakin ba, akwai abin da ba za ta taɓa faɗa a gabansu ba.

Gaskiyar da ya kamata ita da mu mu sani ita ce, idan ciwon ya bazu, yawanci yana jin magani da farko, ciki ya sace, abinci ya shiga, mutum ya koma harkarsa, amma sau da yawa yana dawowa bayan wani lokaci. Wata za ta ji haka ta ce a yi, ko shekara ɗaya ce ta samu cikin jikokinta. Wata, bayan awo ya nuna jikinta ba zai ɗauka ba, ko don ra'ayin kanta, za ta ce a bar ta. Wannan ma ba a gama da ita ba. Ana zuƙe ruwan ciki ta samu numfashi, ana maganin amai, ana ba da maganin ciwo har zuwa morphine, wanda shi ma yana cikin jerin muhimman magunguna na duniya. Ba a ajiye shi don ranar mutuwa ba, kuma babu ladan da ake samu a bar tsohuwa tana murƙususu.

Abu ɗaya ga 'ya'yanta mata: wani kaso na wannan kansa gado ne, ta ƙwayoyin halitta da ake kira BRCA, waɗanda ke da alaƙa da kansar mama ma. Idan a dangi an samu uwa da 'ya, ko 'yan'uwa biyu, da ɗayan waɗannan cututtuka, a gaya wa likita.

Abin da ya rage gare mu

Ga likitoci da nas-nas ɗinmu, roƙona shi ne takardar tambayoyi takwas ɗin nan ta shiga fayil ɗin duk macen da ta kai 65 ko 70 kafin a rubuta mata magani, a kuma yi tambayoyin da harshen da take mafarki da shi, Hausa ne, Kotokoli ne, Zabarmanci ne ko Mina. 'Ya'yan Zongo da suka karanta aikin lafiya, kuma muna da su, su ne suka fi dacewa su zauna su fassara ta, su ba da lambarsu ga gidajen da ke jinya.

Ga sarakunan Zongo da limamai da ƙungiyoyin mata na islamiyya: muna da tsarin da ba ya kuskure idan an yi rasuwa, cikin awa biyu an haɗa likkafani da mota da abincin baƙi. Irin wannan tsari muke bukata tun mutum yana da rai: asusun jinya da ake sa wa wani abu duk Juma'a, da jerin samari masu ba da jini a cibiyar jini ta ƙasa, CNTS, da direba ɗaya ko biyu da aka san za su ɗaga waya da dare. Ranar 8 ga Mayu ce ranar kansar gidan ƙwai ta duniya. Ba zai gagare mu ba mu gayyato likitar mata ta zo makarantar islamiyya ta yi awa ɗaya da iyayenmu, da Hausa.

Ga kowane gida kuma: idan Inna ko Gwaggo ta yi mako uku tana sassauta zani tana ture kwano, a kai ta a duba, kada a jira sai ta kasa tashi. Idan an tabbatar da ciwon, kafin kowa ya ce a yi ko a bari, a auna ta, a kuma tambaye ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.